Sabon Baya Ga Akori-Kurar Abba: Mako Uku Tsakanin Fagge Da Sabon Gari

Ranar da aka zauna rabon gadon mahaifinmu, ba gida aka fi daɗewa a kai ba, ba kuma gona ba. Mota ce. Tsohuwar akori-kura Peugeot 504, wadda kowa a layinmu na Fagge yake kira Fijon Abba. Shekara uku ta yi a jingine a ƙofar gida tun rasuwarsa a 2021, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, yara sun mayar da bayanta gidan wasa. Yaya Babba ya ce a kira 'yan gwangwan su auna su biya, a raba kuɗin kowa ya huta. Auta ya sunkuyar da kai bai ce komai ba. Umma kuwa tashi ta yi ta shige ɗaki.

Ni ce na ce a sa mata kuɗi a cire daga kasona. Ba wai na san abin da zan yi da ita ba ne a lokacin. Abin da na sani shi ne, Auta ya gama difloma ya zauna, yana jan Adaidaita Sahun wani, kullum sai ya kai balas ko ya samu ko bai samu ba. Kuma na san da wannan motar Abba ya ciyar da mu, ya biya mini kuɗin makarantar koyon jinya har na gama.

Bakanike ya zo ya duba. Ya sa batir, ya zuba mai a kafireta, bayan 'yar gardama injin ya tashi da tari da hayaƙi. Ya ce, "Sista, zuciyarta lafiya lau. Bayan ne ya mutu." Ya hau ya taka tsakiyar bodin da diddige, sai ga ƙafarsa ta zurma har idon sawu. Shekara da shekaru Abba yana ɗaukar gishiri da kanwa da takin zamani daga kasuwar Singa zuwa kasuwannin ƙauye, Dambatta ranar Lahadi, Wudil ranar Juma'a. Gishiri da taki ba abin da suke ci kamar ƙarfe, balle in sun samu laima a ƙarƙashin tabarmar roba. Bakaniken ya ce faci ba zai yi ba, sai dai a ƙera sabon baya gaba ɗaya. Ya kwatanta mini wani dattijo mai walda a cikin lungunan Fagge.

Haka na zuba kuɗin adashena na shekara guda a kan ƙarfe, na kuma yi mako uku ina zarya tsakanin Fagge da Sabon Gari, yawanci da safe bayan na sauka daga aikin dare.

Unguwar da ta saba da kaya

A Fagge aka haife ni, amma sai da wannan aiki ya kama ni na gane ban san unguwar ba. Na san hanyar makarantar allo, na san Masallacin Juma'a, na san Kantin Kwari saboda kayan lefe. Lungunan da ake dukan ƙarfe kuwa, ketarewa kawai nake yi ina toshe kunne.

Fagge tun asali zango ce. A wajen ganuwa take, nan ayarin Azbinawa da sauran fataken hamada suke sauke raƙuma da gishiri da dabino kafin su shiga birni. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kaya suka canja salo: gyaɗa da fatu da kiraga suna tafiya kudu, atamfa da kananzir suna tahowa. Kwarori, wato 'yan Siriya da Labanan, suka kafa kantuna a wurin da ya zama Kantin Kwari. Can gaba kaɗan kuma, wajen 1913, Turawa suka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka biyo layin dogo daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Raƙumi ya ba jirgi wuri, jirgi ya ba babbar mota, amma sana'ar unguwar ba ta canja ba: a ɗauko kaya, a sauke, a sake ɗaurawa. Duk inda ake wannan kuwa dole a samu masu gyaran abin ɗaukar kayan. Da masu ɗinkin sirdi da mangala ne, yau masu walda ne.

Ita ma Fijon 'yar gida ce. A Kaduna aka buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a 1975, ya cika titunanmu da 404 da 504, har ta kai ga in ka ce "mota" a Arewa, Fijo ake fara tunawa. An daɗe da daina ƙera 504, amma ka tsaya a 'Yan Kura ko bakin Singa da hantsi ka ƙirga akori-kurar da za su wuce ka a tanƙware da kwalaye. Kusan babu wadda take ɗauke da bayanta na asali. A irin waɗannan lungunan aka yi musu sabo.

Rumfar Baba mai walda

Garejin ba shi da allo ko suna. Rumfar kwano ce a jikin katanga, da bencin katako da ya yi baƙi, da injin walda irin wanda ake naɗawa a nan gida, wayoyinsa a waje, da tsohon janareta a gefe. Ƙasan wurin ta rine da baƙin mai da guntayen sandar walda. Yara uku ne a ƙarƙashinsa, ƙaramin bai wuce shekara goma sha biyar ba.

Na yi sallama na gaishe shi. Ya dubi farin takalmina na asibiti, ya dubi motar da aka jawo da igiya, sai ya ce, "Wannan ai motar Malam ce, mai gishiri. Ke 'yarsa ce? Allah Ya jiƙansa. Ni na yi masa sakatar wannan gambun." Ya nuna sakatar ƙofar baya. A duk bodin, ita kaɗai ce ba ta ruɓe ba.

Na riga na shirya maganata tun daga gida. Na ce, "Baba, ƙarfe mafi kauri nake so, wanda ba zai sake hujewa ba har abada." Auta kuma ya ce a yi masa dogon keji har ya wuce kan direba, domin ya riƙa jibga kaya.

Dattijon bai yi gardama ba. Alli ya ɗauka ya tsuguna yana rubutu a ƙasa. Farantin ƙarfe, in ji shi, ƙafa 4 ne da ƙafa 8. Mai kaurin milimita 3 yana kai kilo 70. Mai milimita 2 kilo 47 ne. Mai ɗaya da rabi kuwa kilo 35. Bayan motar zai ci faranti kamar uku. In aka yi duka da mai kaurin, faranti kaɗai kilo 210 ke nan, ban da angul da fayif. In aka shimfiɗa mai 2 a ƙasa, aka yi bangwaye da mai ɗaya da rabi, bai kai kilo 120 ba. "Bambancin, 'yata, buhun siminti biyu ne saura kaɗan. Kuma buhunan da ba a sauke su. Da kaya, ba kaya, tana ɗauke da su, tana shan mai saboda su. Motar nan abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Duk abin da kika ƙara wa bodi, daga kayan ƙaninki kika rage."

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ba direban da ke buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Auta ya gyaɗa kai.

Na ce to in siririn ya lanƙwashe fa? Ya ɗauko wani guntun faranti ya lanƙwasa da hannu. Ya ɗauko wani irinsa da aka karya masa gefe aka yi masa doro a tsakiya, ya ce in gwada. Na yi iya ƙarfina bai motsa ba. "Ƙarfin bodi ba a kauri yake ba, a haƙarƙari yake," in ji shi. Wannan kam na fahimta, domin a makaranta an koya mana dalilin da ya sa ƙashin cinya yake da rami a ciki amma yake ɗaukar mutum.

A kan kejin kuwa ni da Baba bakinmu ya zo ɗaya. Na yi aiki a ɗakin haɗari, na san abin da ake kawo mana ranar kasuwa: mota ta yi lodi har sama, mutane sun hau kan lodin, a kwana ɗaya ta kife. Dogon keji gayyata ce. Aka tsaya a kan bango daidai ƙugu, da ƙugiyoyin ɗaure igiya, da shinge mai ƙarfi a bayan kan direba domin kada kaya su faso gilashi in an taka birki. Auta ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana sosai.

Sayayya: Ƙofar Ruwa da Sabon Gari

Baba ya ce ba ya sayen ƙarfe a bayan mai aiki, sai dai mu je tare. Muka hau Adaidaita zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa, inda rodi da angul da fayif suke jere kamar itacen girki, masu kura suna ratsawa da faranti suna "hanya, hanya!" Ya fito da ɗan ma'aunin kauri daga aljihu. A rumfar farko aka ce mana faranti mai 2 ne, ya auna bai kai ba. Bai ce uffan ba, ya yi godiya muka wuce. A rumfa ta uku muka saya. Da muka fito na hango Asibitin Ƙashi na Dala a nan kusa, na ce a raina, ga masu haɗa ƙashin mota, ga masu haɗa na mutum, katanga kawai ta raba.

Sauran kayan kuwa, bol da noti, fitilun baya, wayoyi, robobin sifirin, jan fentin hana tsatsa, sai Sabon Gari. Daga Fagge tafiyar ba ta da nisa, amma da ka bi ta ƙarƙashin doguwar gadar saman titin Murtala Muhammad ka shiga titin Faransa, sai ka ji iska ta canja. Titunan a miƙe suke kamar an ja da zare, benaye tsofaffi masu baranda, ƙanshin miyar ganye da gasasshen kifi, waƙar coci daga wannan lasifika, kiran sallar azahar daga waccan. A cikin taku ashirin za ka ji Hausa da Igbo da Yarbanci da Turancin buroka. Kasuwar kanta, wadda aka sa wa sunan Abubakar Rimi, ta sha gobara babba a 2016, amma in ka ga cinkoson yau ba za ka ce an yi ba.

Shagon da Baba ya kai ni ɗan ƙarami ne, kaya har rufi. Mai shagon Inyamuri ne mai furfura, ya ce asalinsu Nnewi, garin da ya yi suna da kayan gyaran mota, amma shi a Sabon Gari aka yanke masa cibiya. Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu da ke makarantun kuɗi. Da ya ji 504 ce, sai ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, wannan ai tsohuwar zuma ce." Ya tura yaro cikin sito, aka daɗe, sai ga shi da fitilar baya guda ɗaya ta asali a cikin kwalin da ya yi ja don tsufa. Ɗayar kuwa ya ce babu sai ta kwaikwayo, kuma bai ɓoye mini ba. Ya jera bol iri biyu a kan kanta, ya nuna mini lambar da ke kan na ƙwarai, ya ce wanda ba shi da lamba a ƙofar gida ake sa shi, ba a mota ba.

Kuɗina suka gaza da kaɗan. Na fara mayar da fenti, sai ya tura mini shi. "Baba ya kawo ki, ki kawo in an yi albashi." Bai rubuta sunana ba, bai karɓi lambata ba. Da muka fito na tambayi Baba tun yaushe suka san juna. Ya ce tun suna yaran shago. Ya ce a shekarun da gari ya rikice, kowannensu ya taɓa kwana da mukullin ɗan'uwansa a aljihu. Bai ƙara a kan haka ba, ni ma ban tona ba. Duk ɗan Kano da ya kai shekaruna ya san me ake nufi.

Yadda aka ɗora bayan

Abin da aka fara yi shi ne cire batir da sauke tankin mai, aka kai shi can nesa. Baba ya ce tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin ne ke fashewa. Na taɓa jinyar wanda hakan ta faru da shi, ban buƙaci ƙarin bayani ba.

Aka kwance tsohon bodin, majiya ƙarfi shida suka sauke shi yana zubar da jar ƙasa. Shasin ya fito tsirara. Baba ya bi shi da ƙaramar guduma taku-taku yana saurare, kamar yadda likita yake ƙwanƙwasa ƙirjin marar lafiya. Inda ya ji ƙara garau ya wuce, inda ya ji "dif" ya sa alli. Wuri biyu aka samu, kusa da maƙalin sifirin. Aka kankare, aka ƙara ƙarfe. Sannan ya ja zare daga kusurwar hagu ta gaba zuwa ta dama ta baya, ya sake ja ta ɗaya ɓangaren. In tsawon biyun bai zo ɗaya ba, shasin ya murɗe, kuma duk abin da aka ɗora a kai zai karkace. Namu ya zo daidai. Baba ya ce, "Malam bai zalunce ta ba."

Daga nan aka shimfiɗa gadon: dogaye biyu a kan shasi, gajeru a gicciye. Ba a yi walda mai ƙarfi nan take ba, ɗigo-ɗigo aka fara yi, a auna, a daka da guduma, a sake aunawa. Farantin ƙasa ma ba a bi shi da wuta daga farko zuwa ƙarshe ba. A yi ɗan taƙi a nan, a tsallaka can, a dawo. Zafi yana jan ƙarfe, in aka bi layi ɗaya farantin zai yi tozo kamar bayan kunkuru.

Wajen murfin tayoyi, sai ya sa aka kira duk wanda ke kusa, har da mai shayi da almajirai biyu, suka hau gadon suka tsaya a baya. Sifirin ya kwanta, ya auna tazarar da ta rage tsakanin taya da ƙarfe, ya ƙara yatsu uku saboda ramukan hanya. Bangwayen kuwa an kai su wurin masu injin lanƙwasa aka karya musu doro biyu-biyu. Ya huda ƙananan ramuka a kusurwoyin ƙasa domin ruwa ya riƙa fita, ya ce wa Auta, "Ranar da ka ɗauki gishiri ko taki, kada ka kwana ba ka wanke ta ba. Kuma ka ɗaga tabarmar ta sha iska." Sabon bodin ba a like shi da shasi ba. An yanka tsohuwar taya an shimfiɗa a tsakani, aka ɗaure da bol, domin mota tana murɗawa a hanya, in aka ƙage ta da walda wani wuri zai tsage.

Abu ɗaya na roƙa da kaina: a goge duk wani kaifi, a bar ƙasan sumul, gambun baya kuma ya sauka ya kwanta daidai da ƙasan a kan sarƙa. Baba ya tambayi dalili. Na ba shi labarin wani dare ina 'yar shekara goma sha ɗaya, aka buga mana ƙofa, maƙwabciyarmu naƙuda ta zo da gardama. A bayan motar nan aka shimfiɗa katifa, Umma ta riƙe kanta, ni na riƙe fitila, Abba ya ja. Har yau a asibitin da nake aiki, rabin waɗanda ake kawowa daga ƙauye cikin dare ba a motar asibiti suke zuwa ba. Akori-kura ce motar asibitin talaka, kuma na sha ɗinke ƙafar mai jinya da tsagin bodi ya yanka wajen sauko da marar lafiya. Baba ya sa babban yaronsa ya yi yini guda yana guga.

Duk wannan ana yinsa ne da jiran wuta. In an kawo, rumfar ta kaure da ƙara. In an ɗauke, sai a yi lissafin man janareta, ko a zauna a sha shayi. Aikin kwana takwas shi ya zama mako uku.

Idon ƙaramin yaro

A mako na biyu na iso da safe na tarar da ƙaramin yaron a kwance a kan benci, ya rufe fuska da riga. Idanunsa sun yi jawur, hawaye na zuba, ya ce ji yake kamar an cika su da yashi. Jiya shi ya riƙe wa Baba ƙarfe yini guda. Cikin dare ciwon ya tashe shi. Abokan aikinsa sun riga sun ɗiga masa madara, wani yana cewa a samo nonon mai shayarwa, wani ya ce ruwan tumatir.

Iyaye mata, a nan nake so ku tsaya da ni, domin da yawanmu muna da ɗa ko ƙane a irin wannan rumfa. Hasken walda yana ƙona fatar gaban ido kamar yadda rana take ƙona fata. Ba a ji nan take, sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, shi ya sa yake zuwa da dare. Ba mai waldar kaɗai yake kamawa ba, har wanda ke tsaye a gefe. Yawanci yana lafawa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma abin da ake ɗigawa a ciki shi ke jawo ƙwayoyin cuta ya mayar da ƙaramin abu babba. Kada a sa madara, ko nono, ko tumatir, ko ruwan sikari. Kada a murza. A ɗora tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a kan ido a rufe, a zauna a inuwa, a je a ga ma'aikacin lafiya. In kuma ɓarɓashin ƙarfe ne ya faɗa daga injin guga, kada a bari kowa ya sa tsinke ko bakin ashana. Asibitin ido na ECWA yana nan kusa da Sabon Gari tun 1943, ga kuma sashen ido a manyan asibitocin gwamnati.

Na kai yaron aka duba shi, aka ba shi magani. A hanya na tambaye shi ko an taɓa yi masa allurar tetanus tun da ya fara aikin ƙarfe. Bai ma san da ita ba. Hannuwansa duk tabon ƙuna ne, ya ce baƙin mai suke shafawa. Na gaya masa ruwa mai gudu ake sakar wa ƙuna na minti ashirin, ba mai ba, ba man goge baki ba.

Da na dawo na sami Baba, na rasa ta inda zan fara, domin ba a yi wa babba faɗa a rumfarsa. Baƙin tabarau na 'yan kasuwa yake sawa, wani lokaci ma kau da kai kawai yake yi ya runtse. Na ce, "Baba, kai da ka hana ni zaluntar mota da kilo ɗari, ga idon da za ka ga layin walda da shi kana barinsa a buɗe." Ya yi dariya, ya cire tabarau. Sai a lokacin na lura idonsa na hagu ya yi hazo. Ya ce, "Shekara arba'in ke nan, Sista. Mu haka muka koya." Na ce su yaran fa? Ya yi shiru.

Ranar da aka yi albashi na koma titin Faransa na biya bashina, na kuma sayi garkuwar fuska biyu da tabaran guga uku. Dukansu ba su kai kuɗin faranti ɗaya ba.

Ranar da ta fita

An shafa jan fenti ciki da waje har ƙarƙashi, aka bi da fari irin na da. Aka haɗa fitilu, ta asali a dama, ta kwaikwayo a hagu. Baba ya ciro tsohuwar sakatar da ya yi wa Abba ya mayar a sabon gambun, bai kuma sa ta a lissafi ba. Mai rubutu ya zo ya tambayi abin da za a sa a baya. Auta ya ce a mayar da na Abba: Sannu ba ta hana zuwa.

Da yamma ya jawo ta ƙofar gida. Umma ta fito da mayafi, ta zagaya ta sau ɗaya, ta kai hannu kan sakatar ta buɗe ta rufe. Ta ce, "Allah Ya sa a ci halal da ita." Ta koma ciki. Yaya Babba ya ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa ya ce kuɗin da na kashe ya fi kuɗin motar. Gaskiya ya faɗa, kuma har yau ban gama mayar da adashen ba.

Yanzu Auta yana lodi daga Singa da Dawanau. Wata rana a samu, wata rana kuloci ya cinye ribar mako. Duk wata yana kawo mini wani abu, yana kai wa Umma cefane. Sau biyu an tashe shi cikin dare a layinmu, ya shimfiɗa katifa a baya.

Makon jiya na bi ta rumfar Baba. Wata akori-kurar ce a kan layi, 404 wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Ƙaramin yaron yana sanye da garkuwarsa, ya ɗaga ta ya gaishe ni. Ta Baba kuwa tana rataye a ƙusa ta yi ƙura. Ya ce tana hana shi ganin aiki. Na ce zan dawo ranar Asabar in raka shi a duba masa idon hagun. Ya ce in Allah Ya kai mu. Sau biyu ke nan yana faɗa mini haka, amma zan koma.

Mai karatu, in kina da yaro a gareji, yau da dare in ya dawo ki kira shi kusa da fitila ki dubi idonsa da tafin hannunsa. Ki tambaye shi abin da yake rufe fuska da shi. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa albarka a sana'ar masu neman na kansu.